Gudun da Na Yi wa Takwarana

Abin da ya fara tarbata a Ikko gumi ne. Mun sauka daga jirgin ƙasa a Agege da hantsi, rigata ta manne a bayana, alhali ko taku ɗaya ban yi da gudu ba. Na tambayi Malam Haruna ko a cikin wannan iskar mai nauyi ake so in yi tseren, ya yi dariya ya ce kwana biyu zan saba. Mu uku ne muka zo: ni, da Malam, da ƙanin matarsa wanda aka ce ya zo ne ya riƙe mana jaka. Shekarar da Naira ta fito ke nan, mutane suna ta rikicewa da sabon kuɗi, ni kuwa a rayuwata ban taɓa wuce Tsafe ba.

Sai in ɗan koma baya, don a san abin da ya kai ɗan dako Ikko. Sunana Ummaru, a Bungudu aka haife ni, mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, ni kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Da kaka nakan yi dako a kasuwar auduga ta Gusau, in auduga ta ƙare in koma buhunan gyaɗa da na dawa. Da gudu nake zuwa Gusau da safe, da gudu nake komawa da yamma. Da farko don ƙyashin biyan mota ne, daga baya kuma abin ya shiga jinina, ranar da ban yi ba sai in ji jikina duk ya yi tsami. Direbobin hanyar Sakkwato duk sun san ni, wasu su danna mini ham, wasu su ce aljanu ne ke korata.

Wata safiya wani mutum a kan babur ya bi ni a baya ya daɗe, sannan ya sha gabana ya tsaya. Fari ne, mai tsabta, da usur a wuya. Shi ne Malam Haruna, malamin wasanni a wata makaranta a Gusau. Bai tambaye ni ina za ni ba, bai tambaye ni ko na gaji ba, sunana ya fara tambaya. Da na faɗa masa ya ce wane gari, na ce Bungudu. Ya daɗe yana kallona yana murmushi, ni kuwa na ɗauka ƙafafuna ne suka burge shi.

Shi ya ba ni labarin tseren. Ya ce a Ikko wani kamfanin lemon kwalba zai shirya gudun yada ƙanin wani, a zagaya birnin, nisansa kamar daga Gusau zuwa Tsafe. Mutum goman da suka fara isowa kamfanin zai ɗauke su aiki, da albashi duk wata, da ɗaki, su riƙa yi masa gudu. Ban ji sauran bayanin ba, a kan albashi da ɗaki kunnena ya tsaya. Wuyana ya riga ya fara ciwo da dako tun ban yi gemu ba, kuma na ga yadda tsofaffin 'yan dako suke ƙarewa, a duƙe, suna jiran wanda zai ba su goro. Na ce wa Malam ko Makka ce zan je da gudu.

Damina guda muka yi muna shiri. Ba zan ci amanar gaskiya ba, mutumin nan ya yi wahala da ni. Yakan kai ni Kwatarkwashi ya sa in hau dutse in sauko har sai gwiwoyina sun fara rawa, shi yana zaune a gindin dutsen yana busa usur. Ya hana ni shan ruwa da yawa kafin gudu, ya koya mini yadda ake ajiye numfashi, yakan saya mini ƙwai da nono daga aljihunsa. Ran da zazzaɓi ya kayar da ni har Bungudu ya zo da magani, ya durƙusa ya gaida Inna. Tun daga ranar Inna take sa shi a addu'a, ni kuma na fara jin sa kamar uba.

Ba ni kaɗai yake horarwa ba. Akwai wani Isa, mafarauci daga Bilbis, siriri, marar magana, wanda aka ce yana bin gada da ƙafa har ta gaji ta kwanta. Mai gudu ɗaya Malam zai iya kaiwa Ikko, don haka da damina ta ja baya ya haɗa mu gwaji daga Gusau zuwa Tsafe. Har Kwatarkwashi muna kafaɗa da kafaɗa, daga nan na fara ganin ƙeyar Isa, daga baya ƙeyar ma na daina gani. Da na shiga Tsafe ina jan ƙafa, na same shi zaune a bakin kasuwa yana shan rake. Na riga na sallama, amma da yamma Malam ya ce ni ya zaɓa, wai gudun Isa gudun dawa ne, ba ya jin magana, birni zai rikita shi. Isa ya ba ni sauran rakensa ya kama hanyar Bilbis. Na ji tausayinsa, amma daɗin da na ji ya fi tausayin yawa.

A cikin jirgi na fara sanin ƙanin matar Malam. Shi ma Ummaru ne, tsarana, ya gama firamare ya zauna ba aiki, yana da Turanci a baki da hannu mai laushi. Tun daga Zariya ya daina kiran sunana, sai Takwara. Ni ma haka. Ina so in ce tun a lokacin na ji ban yarda da shi ba, amma ƙarya zan yi, yaron yana da daɗin zama. Ya bar mini wajen taga, ya raba kilishinsa da ni, a Jebba ya sauka ya sayo mana soyayyen kifi. Yana ta yi mini tambayoyi a kan gudu: ina ne ke fara ciwo, yaya mutum yake ji in numfashi ya ƙare, me ake tunani a hanya. Ba wanda ya taɓa tambayata irin wannan, na saki baki na faɗa masa komai.

Bayan mun wuce Ilori Malam ya ce mini a Ikko ba a karɓar suna ɗaya, sai biyu, kuma 'yan boko na Arewa sunan garinsu suke ɗorawa a kan nasu. Saboda haka daga yau ni ne Ummaru Bungudu. Takwara ya tuntsire da dariya ya ce ai shi ma haka ake kiran sa a makaranta, don mahaifinsa mutumin Bungudu ne, ko da yake shi a Gusau aka haife shi, garin ma sau biyu ya taɓa zuwa. Muka yi ta dariya mu uku. Na yi ta maimaita sunan a zuciyata har Badun, ina jin sa kamar sabuwar riga.

A Agege mun sauka gidan wani Alhaji Mamman, dillalin goro, mutumin Ƙaura da ya yi shekaru a Kurmi. Ɗakin da aka ba mu rabinsa huhunan goro ne, ƙamshin ganye ya cika shi, da sauro. Abinci ya zame mini yaƙi. Duk abin da aka kawo ja ne, barkono ya fi gishiri yawa, cikina ya yi ta kuka har Malam ya fara damuwa. Da asuba in na fita gudu sai in rasa inda zan sa ƙafa, ga kwata, ga manyan motocin haya da mutane ke rataye a ƙofa, ga masu talla. A hanyar Bungudu mutum yana ganin gabansa har inda ido ya tsaya, a nan kuwa bango ne ko bayan mota. Na yi kewar tuwon dawa da miyar kuka, na yi kewar muryar Inna tana faɗa da awaki, har wata rana na tsaya a bakin titi na yi hawaye kamar yaro.

Wani abin da na lura da shi, a Ikko ba mu da suna. Mai gadi Malam ne, mai sayar da ruwa Malam ne, mai yankan farce Malam ne, ni ma da na fito da gajeren wando Malam ne. Ba wanda yake kallon fuskarka, hularka ko Hausarka ta ishe su. Ranar rubuta suna Malam Haruna ya ce in zauna in huta, tunda abin na Turanci ne, shi da Takwara za su je. Suka dawo da farar singileti mai lamba a gaba da baya, da sabon takalmin kambas. Na ce ni ban saba gudu da takalmi ba, Malam ya ce doka ce. Na sa shi na ji ya ɗan matse ni a ƙafar dama, ya ce zai saki.

Ranar tseren ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Sojoji, 'yan sanda, ma'aikatan jirgin ƙasa, 'yan makaranta, har da Turawa ja-ja da su, kowa yana tsalle a wuri ɗaya yana karkaɗa hannu. Ni dai na yi addu'ata na tofa na shafa. Da aka harba bindiga na zabura kamar an sako kare, na yi ta wuce mutane ina ce musu su kauce. Haka na yi ta yi har muka hau wata doguwar gada, na dubi ƙasa na ga ruwa ba iyaka, hagu da dama. Kaina ya juya, na ce wayyo Inna da ƙarfi ban sani ba.

"Kai ɗan Zamfara, rage wuta. Wanga gudu da kaka yi ba ya kai ka rabi."

Na waiga ina neman Bahaushe, sai na ga wani baƙin Inyamuri, dogo, yana gudu a gefena yana dariya. Sunansa Emeka. Muna tafe yana ba ni labari guntu-guntu, tsakanin numfashi da numfashi: a Sabon Garin Gusau aka haife shi, ubansa tela ne, sun bar garin lokacin rikici ba su sake komawa ba. Hausarsa ta fi ta Takwara daɗi. Ya tambaye ni ko har yanzu ana sayar da hoce a bakin tasha, na ce ana sayarwa. Shi ya saita mini gudu, ya ce in bi takunsa. Shi ya nuna mini in an miƙo ruwa a hanya a kurɓi kaɗan a zuba sauran a ka. Wata mata ta miƙa masa lemon zaƙi, ya raba biyu da haƙori ya ba ni rabi.

Mun yi nisa tare, muna wuce waɗanda suka wuce mu da farko, wasu a zaune a bakin titi, wasu suna amai. Rana ta ɗaga, kwalta ta fara turiri. Ƙafata ta dama tun tuni take ƙuna, da na duba sai na ga farin kambas ya koma ja daga gaba. Can wajen wata kasuwa jijiya ta ɗaure wa Emeka a cinya, ya dafa fitilar titi ya tsaya. Na tsaya tare da shi, ya daka mini tsawa ya ce in tafi, mutanen da ke gabanmu ba su kai goma ba, tun kan gada yake ƙirga su. Ban sake ganin sa ba har yau.

Na tsuguna na cire takalman na yar. In doka ce, to, su kama ni. Kwaltar tana cin tafin ƙafata, farcen babban yatsa ya tafi, kowane taku sai na ji shi har cikin haƙorana. Ban san titunan da na bi ba, ban ji ihun mutane ba. Abin da nake gani kawai ɗaki ne mai ƙofa da makulli, da Inna zaune a ciki ba ta surfe. Na wuce wani soja, wani ɗan makaranta ya wuce ni, na sake wuce shi. Da na shiga filin da ake ƙarewa ɗingishi nake yi sosai, amma ban tsaya ba sai da na tsallake layin. Wani mutum ya dubi lambar ƙirjina ya rubuta, wani kuma ya ɗaga mini yatsu bakwai. Daga nan ƙasa ta taso ta same ni.

Da na farfaɗo kaina yana kan cinyar Malam Haruna, yana yi mini fifita yana hawaye. Hawaye na gaske, na gan su da idona, kuma har yau ban san na mene ne ba. Ya ce na fitar da shi kunya, na fitar da Bungudu kunya. Ya cire mini singiletin da ta jiƙe ya miƙa wa Takwara ya ce a wanke, ya yafa mini babbar rigarsa. Ya ce maganar aiki sai bayan kwana biyu in an huta, yanzu ƙafata ce abin dubawa. Ya tsayar da tasi ya sa ni a ciki, ya yi wa direban kwatancen gidan Alhaji, ya ce su za su tsaya su ji yadda ake ciki. Takwara ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu, Takwara," bai yarda mun haɗa ido ba. Na ɗauka tausayi ne.

Da la'asar a zauren Alhaji aka kunna rediyo, a labaran Hausa aka kawo maganar tseren. Aka ce cikin goman da kamfani ya ɗauka akwai ɗan Arewa guda, Ummaru Bungudu, wanda ya zo na bakwai. Zauren ya kaure, fataken goro da ban sani ba suka yi ta ba ni hannu, wani ya cika mini aljihu da farin goro. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan yammacin ba, kuma ina ganin ban sake ji ba.

Malam da Takwara ba su dawo ranar ba, ba su dawo washegari ba. Da farko na ce hidima ce ta riƙe su. Wata tsohuwa Bayarabiya mai sayar da burodi a ƙofar gidan, Iya muke ce mata, ita ta riƙa wanke mini ƙafa da ruwan gishiri tana shafa man kaɗanya, tana yi mini faɗa da yarenta kamar ni na haifi ciwon. Da kwanaki suka fara yawa hankalina ya tashi, na ji tsoron kada a ce ban zo ba a ba wani gurbina. Na ɗaure ƙafar da tsumma, na sa aka yi mini kwatancen kamfanin, na shiga mota.

Ban sha wahalar neman kowa ba. Ina isa bakin get ɗin na hango Takwara yana fitowa daga wani ofis, sanye da riga da wando masu tambarin kamfani, ƙafarsa ta dama naɗe da farin bandeji, yana ɗingishi. Ɗingishina ne sak, har yadda nake karkata kafaɗa. Na tsaya ina kallo, kaina bai gama ɗaukar abin ba, har na fara tunanin ko mota ce ta taka shi. Da ya gan ni ya tsaya cak, sannan ya zo bakin ƙarfen get ɗin, wannan karon da tafiyarsa lafiya lau.

"Takwara, ka yi haƙuri," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Malam na yac ce ko an ba ka aikin ba ka iya riƙe shi, ba ka da Turanci, ba ka da takarda. Wallahi ba ni nis shirya ba."

Na tambaye shi, to in aka ce ya yi gudu fa? Ya ce ya gaya musu jijiyar ƙafar ta lalace a tseren, sun tausaya masa sun sa shi a sito kafin ya warke. Duk inda na ce masa yana ciwo a cikin jirgi, nan ya nuna wa likitansu. Na kama ƙarfen get ɗin na fara ɗaga murya, ina nuna ƙafata ina nuna ƙirjina, ina cewa ni ne, ni na yi gudun. Da Hausa nake faɗa, ba mai ji sai wanda ya cuce ni. Mai gadin ya zo ya dube ni, ya ga tsumma a ƙafa da rigar aro, ya ce, "Malam, go, go," ya cusa mini kwabo a hannu ya tura ni gefe. Takwara ya juya ya koma ciki, ya ci gaba da ɗingishinsa.

Malam Haruna ya zo Agege ɗaukar jakarsa ranar da zai koma gida, ya same ni zaune a zaure tare da Alhaji Mamman. Na yi zaton zai ji kunya, ko ya yi ƙarya, ko ya rantse. Ya zauna ya gaida Alhaji a natse, ya tambaye ni ƙafa. Na faɗi abin da na gani a gaban Alhaji. Ya saurara har na gama.

"Ummaru Bungudu anka kira, Ummaru Bungudu yat tashi," ya ce. "Ina ƙarya ciki?"

Ya ci gaba da cewa yaron nan shekara da shekaru yana zaune a gidansa ba aiki, matarsa ta hana shi sakat, ni kuwa ina da ƙarfina da sana'ata, ba zan kwana da yunwa ba. Ya ce in ba don shi ba ina zan ga Ikko. A nan ne Isa ya faɗo mini a rai, zaune a bakin kasuwar Tsafe da rakensa. Na ce, Malam, tsakaninka da Allah, don me ka bar Isa?

"Isa ya hi ka gudu," ya ce, yana ɗaure bakin jakarsa. "Amma sunanai Isa."

Da a ce ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Ashe duk hawan dutsen nan, da ƙwai da nono, da durƙuson da ya yi wa Inna, kiwo ne. Gudun yada ƙanin wani kam an yi shi, an kuma yada ƙanin wani, sai dai ba ƙanin matar Malam ba. Na miƙe zan yi kansa, ƙafar ta ƙi ɗaukata, na koma na zauna.

Na juya wajen Alhaji Mamman, don shi ne babba, kuma yana da mutanen da za su iya shiga kamfanin su yi magana. Ya daɗe yana juya goro a hannu. Ya ce abin da Malam ya yi bai kyauta ba, Allah yana gani, amma in aka kai maganar nan gaban mutanen Kurmi, ba ni za a ba aikin ba, Takwara za a kora, a kuma ce Hausawa macuta ne, gobe ko ɗan wa ya zo ba za a dube shi ba. Aikin dai yana hannun ɗan Arewa, ɗan garinmu. Ya ce in rufa wa 'yan'uwana asiri, Allah zai rufa mini. Fataken da suka ba ni hannu ran nan duk suka gyaɗa kai. Wannan ya ƙona ni fiye da maganar Malam, don shi Malam ya san abin da ya ci, su kuwa kyauta suka yi.

Malam ya bar mini tikitin jirgi a hannun Alhaji, na ce ba na so. Fushi ne, kuma na sha wahalarsa. Da ƙafar ta ɗan kame na shiga dakon huhunan goro a kasuwar Agege don in haɗa kuɗin komawa da gumina. Duk Inyamurin da na gani dogo sai na leƙa fuskarsa, ko Emeka ne, don shi kaɗai a birnin nan ya san wanda ya yi gudun, amma Ikko ba Gusau ba ce. Ran da zan tafi Iya ta ƙulle mini burodi biyu a takarda, ta ƙi karɓar ko kwabo. A jirgi ban zauna wajen taga ba, ban kuma sauka a Jebba ba.

Na shirya wa dariyar mutanen Bungudu tun daga Zariya, amma ba ita na tarar ba. Malam a Gusau yake, bai taka garin ba, bai aiko da komai ba, su kuwa sun ji rediyo, kuma Ummaru mai gudu ɗaya suka sani. Tun daga bakin hanya yara suka karɓe mini ƙunshi suna ihu. Tsofaffi suka tashi tsaye suna gaishe ni, mai unguwa ya aiko da gaisuwa, wani maƙwabcinmu ya jawo ɗansa ya ce in na koma in nema masa ko shara ce a kamfaninmu. Na yi ta amsa gaisuwa da ka.

Inna tana tsakar gida da sabon zane a jikinta, irin wanda ban taɓa ganin ta ɗaura ba. Ta ce ranar da aka kira ni a rediyo mata sun cika gidan nan, ta yanka akuya ta yi sadaka, ta sayi zanen nan don ranar dawowata. Ta dubi ramar da na yi ta ce aikin kamfani ashe da wuya, hutun kwana nawa suka ba ni.

"Gammonka na dako ma na sa shi wuta ran nan," ta ce tana dariya. "Nic ce ɗana ya gama ɗaukar kayan mutane."

Na jira matan suka watse, na zauna a gabanta na kwance tsumman ƙafata, na faɗa mata komai tun daga Agege. Ba ta katse ni ba, ba ta yi kuka ba, ba ta zagi Malam ba. Ta daɗe tana duban yatsan da ba farce, sannan ta tashi ta ɗora mini ruwan wanka.

Da safe na fito zan kama hanyar Gusau, don an fara awon auduga. Inna tana bakin murhu da tsohon zanenta, ba ta ɗago ba. A bakin ƙofar ɗakina na ga sabon gammo, an naɗa shi tam, an ɗinke bakinsa da zare. Da sabon zanen ta yi shi.